Ƙetaren da Ke Bayan Gida: Ina Ya Kamata Musayar Ɗaliban Hausa Ta Fara?

Duk lokacin da aka ambaci musayar ɗalibai a jami'o'inmu, hankali yakan tafi Landan ko Hambug ko Alƙahira ko Beijin. Ɗalibi ya sami gurbi na wata uku ko shida, ya dawo da hotunan ƙanƙara da labarin jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci, sashe kuma ya sanya sunansa cikin rahoton shekara. Ba ni da ja da irin wannan tafiya, domin Bahaushe da kansa ya ce tafiya mabuɗin ilimi. Abin da nake son manazarta Hausa su duba shi ne alƙiblar da muke fuskanta. A ganina, ƙasar wajen da ɗalibin Hausa ya fi buƙatar ya zauna a cikinta kafin kowace ita ce Jamhuriyar Nijar. Zan kafa hujjata da garuruwa uku na gabashin Sakkwato, wato Wurno da Raba da Goronyo.

Wurno ta daɗe da sanin baƙin ƙetare. Ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka garin a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, cikin ayarinsa kuwa akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda aka 'yanta daga bauta. Barth ya tafi da shi Turai a 1855, inda ya zauna da J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi da Hausa. Waɗannan su ne suka zama babban ɓangare na littafin Magana Hausa na 1885. Dorugu yana cikin Hausawan farko da suka bayyana Turai da harshensu, kuma har yau muna cin gajiyar abin da ya faɗa. Sai dai mu lura da wanda ya tsara tafiyar da wanda ya riƙe alƙalami. Baƙo ne ya zo da tambayoyinsa, ya ɗauki mai harshe ya tafi da shi, sunan baƙon ne kuma ya hau bangon littafi. Yawancin tafiye-tafiyen ɗalibanmu na yau ba su yi nisa da wannan tsari ba. Can ake tsara manufa, can kuɗi ke fitowa, namu ɗalibin kuwa sau da yawa yakan ƙare a matsayin mai taya wani bincike da harshen uwarsa.

Raba ta ba mu misali na daban. A nan aka haifi Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Kafin ya tafi Ingila a 1948 don nazarin mulkin ƙananan hukumomi, ya riga ya gama Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya kuma riƙe hakimcin Raba tun 1934. Ya san yadda ake karɓar haraji da jangali, ya san ƙorafin talaka a ƙofar hakimi. Saboda haka da ya ga tsarin Turawa a gidansu, yana da mudun da zai auna shi da shi. Haka ma Abubakar Imam, wanda ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya je ne yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya san abin da masu karatunsa ke son ji. Mai zuwa kasuwar musaya dole ya riƙo abin da zai bayar. Ɗalibin da bai taɓa tambayar kansa me ya sa ya zama Bahaushe ba, in ka sauke shi a tsakiyar Turai, ɗayan biyu ne: ko dai ya ruɗe ya raina gida, ko ya ƙanƙame duk abin da ya saba ya kira shi al'ada ba tare da tantancewa ba.

A Goronyo na fara fahimtar inda wannan tantancewar za ta samu. Lokacin da nake tattara bayanai don kundin digirina na biyu, na zauna da wani dattijo mai fataucin albasa wanda ya shafe shekaru yana kai-komo tsakanin kwarin Rima da Birnin Ƙonni da Galmi. Ina yi masa tambaya da Hausar aji, yana ba ni amsa da munka da sunka da ɗiya da hwari. Can sai ya ce mini, mutanen Ƙonni da na Tawa sun fi saurin gane maganarsa a kan 'yan bokon da ke zuwa masa da takarda. Ya kuma lissafa mini abin da ya bambanta shi da su. Shi yana cewa makarantar boko, su lakwal suke cewa. Malamin aji a wurinsu mushe ne, littafin rubutu kaye ne, kuɗi kuma da dala suke ƙirga shi. Wannan dattijo bai taɓa shiga ajin walwalar harshe ba, amma ya raba mini abu biyu da ni nake cakuɗawa: abin da Hausawa suka gada tun kafin zuwan Turawa, da abin da Ingilishi ko Faransanci ya ɗora musu daga baya.

Nan ne hujjata take. Iyakar da yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka shata ta raba al'umma ɗaya gida biyu, kowane ɓangare ya yi kusan shekara sittin ƙarƙashin wani salon mulki da wani harshen boko. Ga mai nazarin al'ada da harshe, da wuya a sami fagen kwatance da ya kai wannan. Ɗalibin da ya je Jamus zai ga bambanci a komai, har ya rasa wanne zai kama. Wanda ya je Maraɗi kuwa zai tarar da tuwo ɗaya da gaisuwa ɗaya da salla ɗaya, don haka ɗan bambancin da ya rage zai fito masa fili, ya tilasta masa tambayar dalili.

Tarihin da muke koyarwa ma rabinsa yana can. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, ya kuma bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas neman ilimi. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, a Tsibiri sarautar Gobir ta sake samun mazauni, kamar yadda sarakunan Katsina na Haɓe suka kafu a Maraɗi. Bagobirin Goronyo da ya tashi da labarin jihadi daga bakin Sakkwato kaɗai, zai ji wani kaulin a fadar Tsibiri, zai kuma ga sarautar Inna da matsayinta a fada da idonsa. Ba sai ya yarda da duk abin da ya ji ba. Ya isa ya gane cewa tarihi yana da baki fiye da ɗaya, wannan kuwa shi ne matakin farko na zama manazarci.

Kayan aikin ma suna nan. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen koyar da harsunan Nijeriya, Sakkwato kuma tana da taskar tarihi ta Waziri Junaidu. A ɗaya ɓangaren akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da ta Djibo Hamani a Tawa, da ta André Salifou a Damagaram. A Yamai akwai taskar rubuce-rubucen Larabci da ajami ta cibiyar IRSH, da cibiyar CELHTO mai adana adabin baka. A can ne aka yi taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa na 1980. Sannan a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ke nufin za ta buƙaci malamai da littattafai da ƙamusoshin keɓaɓɓun kalmomi. In ba a yi aikin tare ba, za mu wayi gari da Hausar boko iri biyu, kowace da nata kalmomin kimiyya da na shari'a.

Na san akwai uzurori, wasunsu kuma masu nauyi ne. Na farko tsaro. Mutanen Raba da Goronyo da Isa da Sabon Birni sun sha wuya a hannun 'yan bindiga, harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 bai gushe daga zukata ba. Babu shugaban sashen da zai tura 'ya'yan mutane cikin daji, ni ma ba haka nake nufi ba. Musayar da nake magana daga jami'a zuwa jami'a ce, ta hanyar Illela da Ƙonni da fatake da matafiya ke bi, a lokacin da hukumomi suka tabbatar da lafiyarta. Na biyu siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka na tsawon watanni, a Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Wannan a wurina ƙarin dalili ne. Idan gwamnatoci suka juya wa juna baya, alaƙar malamai da ɗalibai ce ke riƙe zumunci har ƙura ta lafa. Shirin Erasmus da Turai ta fara a 1987 an gina shi ne a kan irin wannan tunani, tsakanin ƙasashen da suka taɓa gwabza yaƙi da juna. Na uku harshe, wai darussan can da Faransanci ake yi. Ɗalibinmu zai je ne ya yi nazarin Hausa a cikin Hausawa, ɗan Faransancin da zai tsinta kuwa riba ne, domin zai buɗe masa ayyuka irin na Guy Nicolas a kan kwarin Maraɗi, waɗanda da yawanmu muke ambato ba tare da mun karanta ba.

Shawarata ga sassan Hausa ita ce a fara da kaɗan. A ƙulla yarjejeniya da jami'a ɗaya, a tura ɗalibai biyar na aji uku zango ɗaya, a karɓi biyar, a kuma lissafa makin da suka samu cikin sakamakonsu. Kafin tafiya, a wajabta wa kowanne ya rubuta ɗan nazari a kan garinsu, ko karin harshe ko sana'a ko tarihin wata sarauta, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In ya dawo ya rubuta na biyu a kan abu ɗaya kamar yadda ya same shi a can. Baƙin da muka karɓa kuma a kai su hubbaren Bello a Wurno da madatsar ruwa ta Goronyo in hali ya yi, a saurari abin da su suka gani a tare da mu wanda mu sabo ya ɓoye mana.

Kuɗin da zai kai ɗalibi ɗaya Turai zai iya ɗaukar nauyin mutum da yawa zuwa Tawa ko Maraɗi a mota. Wanda ya yi wannan zangon, in daga baya ya sami gurbi a Warso ko Landan, zai je da tambayoyinsa na kansa, ya dawo da amsar da za ta amfani sashen da ya tura shi. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.