Naɗe hannu ma hukunci ne

Tun da Gene Roddenberry ya fito da shirin Star Trek a tashar NBC ta Amurka a 1966, ba abin da shirin ke taƙama da shi kamar Babbar Dokarsa. Dokar ta hana ma'aikatan kumbo yin katsalandan a rayuwar halittun duk duniyar da ba ta kai ga ƙera injin da ke gudu fiye da haske ba. Ko bayyana musu kai haramun ne. Masoya shirin na cewa wannan shaida ce marubutan sun koyi darasi daga mulkin mallaka. A ganina rabin darasin suka ɗauka. Sun yarda mai ƙarfi kada ya danne mai rauni, amma har gobe mai ƙarfin ne ke rufe ƙofar ɗakin taro ya yanke wa wasu hukuncin mutuwa da rayuwa, ba tare da ya ji ta bakinsu ba.

Kashin "Dear Doctor" na 2002 ne ya fi tona wannan asiri, duk da cewa labarinsa ya faru kafin a rubuta dokar. Al'ummar Valakian ce wata cutar gado ke cinyewa, har suka tura 'yan sama jannati neman agaji, Allah ya haɗa su da kumbon Enterprise. Likita Phlox ya duƙufa har ya gano maganin. Sai ya lura akwai wata al'umma, Menk, da ke zaune tare da su a duniya ɗaya, wadda yake hasashen za ta bunƙasa idan Valakian suka ƙare. Ya shawo kan Kyaftin Archer, aka ɓoye maganin. Archer ya miƙa musu abin rage raɗaɗi, ya yi sallama, mutanen na ta godiya, ba su san waraka tana cikin kumbon da ke shirin tashi ba. Shirin ya nuna wannan a matsayin tawali'u, wai ba su zo su maye gurbin Ubangiji ba. To amma wanda ya riƙe magani ya zaɓi al'ummar da za ta gaji ƙasa, me ya rage bai yi ba? Kuma hasashen Phlox ko a ilimin halittu ba shi da gindi, don sauye-sauyen halitta ba su da wata manufa da likita zai ce yana karewa.

Shi kansa shirin bai iya riƙe dokar da hannu biyu ba. A "Pen Pals" na 1989, Kyaftin Picard ya umarci ma'aikacinsa Data ya yanke hulɗa da wata yarinya, Sarjenka, wadda girgizar ƙasa ke neman tarwatsa duniyarsu. Da muryarta ta fito daga na'ura tana neman taimako, sai ya sauya shawara. Hatsarin bai ƙaru ba, hujja ba ta sauya ba. Muryar ce kawai ta samu shiga ɗakin. Mutanen Boraal a "Homeward" na 1994 ba su yi wannan dace ba, Picard ya zura ido iskar duniyarsu na ƙarewa, sai ƙauye guda da Nikolai, ɗan'uwan ma'aikacin kumbon Worf na riƙo, ya kwashe cikin kumbo a ɓoye.

Masu kare dokar suna da hujja mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Cutar agana da Sifaniyawa suka kai Meziko a 1520 ta yi wa mutanen Aztec ɓarnar da takobi bai yi ba. Indiya ta hana kusantar tsibirin Sentinel ta Arewa don kada baƙi su kai wa mazaunansa cutar da jikinsu bai sani ba. A cikin "Homeward" ma, Vorin, ɗan ƙauyen da aka kwashe, wanda ya gano cewa a cikin kumbo suke, ya kasa jure abin da ya gani, ya kashe kansa. Duk gaskiya ne. Sai dai mutanen Sentinel sun daɗe da ba da amsarsu da kibiya, kuma barinsu girmama amsar ce. Valakian su ma sun ba da tasu, da bakinsu, aka yi watsi da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dokar da ba ta bambanta wanda ya ce a ƙyale shi da wanda ya ce a cece shi ba, kwanciyar hankalin kyaftin take karewa.

Sannan ga ma'aunin kansa. Me ya sa inji ne zai nuna al'umma ta isa a yi magana da ita? Wannan tsani na waɗanda suka waye da waɗanda ba su kai ba, mun san shi. A 1903 Lugard ya yi alkawari a Sakkwato cewa ba zai taɓa addini ba, alhali ikon naɗa sarki da tuɓe shi ya koma hannunsa. Shi ya shata inda zai sa baki da inda zai kame, kamar yadda Starfleet, rundunar kumbon shirin, ke yi. Wani zai ce kumbo ɗaya ba zai iya ceton kowa da kowa ba, kuma haka ne, amma Archer ba rashin hali ne ya hana shi ba. Da ya tara Valakian da Menk ya shaida musu an samu magani, ya faɗa musu fargabar likitansa, da an ji me Menk ɗin da ake cewa ana karewa suke so, tunda a kashin gaba ɗaya ba wanda ya tambaye su.