Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu

Duk lokacin da hukumar inshorar lafiya ta Ghana ta yi jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, sanarwa iri ɗaya muke ji: daga rana kaza za a daina karɓar kati, kowa ya zo da kuɗinsa a hannu. Ƙungiyar asibitocin mishan, wato CHAG, ta sha yin wannan barazana, haka ma ƙungiyar asibitoci masu zaman kansu. Gwamnati ake aika wa saƙon, amma bulalar a gadon bayan mai sayar da koko a Nima da ɗan dako a Aboabo take sauka.

Ba mu musun cewa asibitoci suna da gaskiya a kukansu. Dokar da ta kafa inshorar a 2003, wadda aka sabunta a 2012, ta zo ne domin ta binne zamanin da sai ka ajiye kuɗi kafin likita ya taɓa ka. Kuɗin shirin kuwa daga aljihunmu yake fita: harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayayyaki da ayyuka, da wani kashi 2.5 daga gudummawar fanshon ma'aikata. Sai ga shi a 2017 majalisa ta yi dokar da ta ƙayyade cewa duk kuɗaɗen da ake keɓe wa irin waɗannan asusu kada su wuce kashi 25 cikin ɗari na harajin ƙasa. Abin da ya haura, baitulmali ta riƙe. An karɓi kuɗi da sunan majiyyaci, an kashe shi a wata hidima. Asibiti ya yi magani, ya aika takardun neman biya, ya zauna watanni yana jira, dillalan magunguna suna ƙwanƙwasa masa ƙofa. Shekaru aka yi ana wannan kuka kafin a sanar da cire takunkumin a kasafin kuɗin 2025.

To amma gaskiyar mai kuka ba ta halatta masa kowane makami ba. Wanda ya rufe ƙofa ga mai kati ya yi garkuwa da marar lafiya ne a rikicin da babu hannunsa a ciki. Haka nan ƙarin kuɗin da ake karɓa a wasu wurare daga hannun masu kati, alhali hukumar ta sha nanata cewa haramun ne a doka. Su wa wannan ke kayarwa? Tsohuwa mai shekara 70 da doka ta yafe wa kuɗin shekara, da mai ciki da aka yi wa alkawarin haihuwa kyauta tun 2008, da yaron da bai kai 18 ba. Waɗanda aka yi dokar dominsu su ne na farko da ake mayarwa gida. Asibitin da ya san hanyar majalisa ranar da kuɗinsa ya maƙale, wajibi ne ya san ta ranar da aka tauye majiyyaci.

Mu kuma mutanen zango, ina bakinmu? Mun iya karo-karo. Bayan sallar Juma'a a yi shela, a tara wa ɗan'uwa kuɗin aikin tiyata, a yi addu'a, a watse. Wannan alheri ne, Allah Ya saka. Sai dai muna ta kwashe ruwa daga ɗaki, ba mu hau mun duba jinkar da ke yoyo ba. Asibitoci suna da ƙungiya da lauyoyi da masu magana da 'yan jarida. Majiyyaci ba shi da komai sai katinsa da haƙurinsa.

Kwamitocin majalisa suna karɓar takardar ra'ayi daga jama'a kafin a zartar da doka, kuma ba a ce sai mai asibiti ne zai rubuta ba. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matanmu su haɗu su rubuta, su damƙa wa wakilanmu na Ayawaso ta Gabas da Asawase da sauran mazaɓun da ƙuri'armu ke da nauyi. Buƙatunmu a fili suke. A sanya wa gwamnati wa'adin biyan asibitoci mai haƙora, wanda saɓa shi zai jawo tara. A hukunta duk wanda ya kori mai kati ko ya karɓi ƙari a hannunsa. A liƙa jerin magungunan da kati ya ɗauke a bakin kowace tagar ba da magani, a kuma karanta shi da Hausa a gidajen rediyon da muke saurare.

Za mu mara wa asibitoci baya su karɓi haƙƙinsu har sisin kwabo, bisa sharaɗi guda: su bar ƙofa a buɗe ga mai kati yayin da ake faɗan. Harajin namu ne, kuma marasa lafiyar iyayenmu ne da 'ya'yanmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.