Darajar Mutum Ba a Wuya Ake Rataya Ta Ba

Ya ku ɗalibai, wataƙila akwai wanda a cikinku ya taɓa jin cewa ba a damu da shi a aji ba. Ana yaba wa wasu, shi kuwa ba a tuna da shi sai an yi ɓarna. Saboda irin wannan ɗalibi nake so mu duba wani fim na zane mai motsi mai suna Wreck-It Ralph, wanda kamfanin Disney na Amurka ya fitar a shekarar 2012. A ganina, fim ɗin ya faɗi wata gaskiya da manya ma kan manta: lambar yabo ba ta ba mutum daraja, kuma aboki na gari shi ne yake taimaka maka ka ga wadda kake da ita.

Labarin yana faruwa ne a wani shago inda yara ke jefa kwabo a na'ura su buga wasan bidiyo. Da dare, in an rufe shago, mutanen da ke cikin wasannin sukan ci gaba da rayuwarsu. Ralf ƙato ne mai manyan hannaye. Aikinsa a wasansu shi ne ya rushe bene, sai Feliks ya zo da gudumarsa ya gyara. Kullum Feliks ke samun lamba, Ralf kuwa a jefo shi daga saman bene, ya je ya kwana a kan tarin fasassun bulo. Shekara 30 ana haka. Ranar da aka yi bikin cika waɗannan shekaru, ko gayyatarsa ba a yi ba. Sai ya fusata ya bar gida, ya tafi neman lambar da za ta sa a girmama shi.

Ku lura da abin da ya biyo baya. Da Ralf ya tafi, babu mai rushewa, don haka babu abin gyarawa. Mai shago ya manna takarda cewa na'urar ta lalace, kuma in ba ta gyaru ba, za a cire ta. Ashe wanda aka raina shi ne rabin wasan! Ralf bai san haka ba, maƙwabtansa ma ba su sani ba sai da ya ɓace. Ku tuna da mai sharar makarantarku, ko mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallonku, wanda ba a ambatarsa sai an ci shi.

Ralf ya sami lambar a wani wasan yaƙi, amma ƙaddara ta jefa shi cikin Sugar Rush, wasan tseren motoci a ƙasar alewa. A nan ya haɗu da wata yarinya, Banelofi, wadda jikinta kan ɗauke ya dawo kamar hoton talabijin mai matsala. Saboda wannan tangarɗa, sauran yara suna tsangwamarta, an kuma hana ta shiga tsere. Da farko faɗa suka yi, daga baya suka haɗa mota tare, ya taimaka mata ta koyi tuƙi. Ita kuma ta yi masa lamba da hannunta, ta alewa. A ƙarshe wannan ce ta fi masa ta zinariya, domin wadda ta san shi ce ta ba shi.

Sai dai abota tana da nata haɗari. Sarki Kandi, mai mulkin wasan, ya ruɗi Ralf cewa in Banelofi ta yi tsere za ta halaka. Ralf bai bincika ba, bai kuma saurare ta ba, ya farfasa motar tana kuka. Niyyarsa ta alheri ce, amma ya cuce ta. Ƙaunar aboki ba ta ba ku ikon yanke masa hukunci a kan maganar wani. Abin da ya ceci abotarsu shi ne Ralf ya gano gaskiya, ya amsa kuskurensa, ya roƙi Feliks ya gyara motar. Daga baya ta bayyana cewa sarkin ne ya lalata tsarin wasan, Banelofi kuwa ita ce shugabar ƙasar ta asali. Ko da ta sami damar zama kamar kowa, ba ta rabu da tangarɗarta ba, domin da ita take wuce abokan tsere. Kowa da ranarsa, in ji Hausawa, mai ido ɗaya ya leƙa buta.

Wani zai ce fim ɗin yana koya wa yara su haƙura da ƙasƙanci, tunda Ralf ya koma aikinsa na dā. Ban yarda ba. Ba a aikinsa matsalar take ba, a wulaƙancin da ake yi masa take, kuma shi ne ya kau: maƙwabta suka fara mutunta shi. Shi ma ya gyara halinsa na fushi da gaggawa. Yarda da kai ba ya nufin ƙin gyara, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai abin da ba za ku iya sauyawa ba, kamar tsayinku, ko ƙabilarku, ko in'ina, ko talaucin gidanku. Kada ku ji kunyarsa. Akwai kuma abin da za ku iya sauyawa, kamar ƙarya da lalaci. Kada ku ce haka Allah ya yi ku.

Gobe in kun shiga aji, ku duba wanda yake zama shi kaɗai lokacin tara. Ku kira shi da sunansa, ku matsa masa wuri a benci.