A San Ciyawa Kafin A Ɗauki Maganin Feshi

Tun kafin zuwan ilmin zamani, Bahaushe ya san cewa rabin aikin gona yaƙi ne da ciyawa, shi ya sa ake noman farko, a dawo a yi maimai. To amma yau da an ga haki ya tsiro a lambu ko a harabar makaranta, sai a ruga kasuwa a sayo maganin feshi, ba tare da an tambayi ko wace irin ciyawa ce ba. Ni a ganina wannan ɗabi'a ɓarnar kuɗi ce, kuma kasada ce da lafiya.

A wajen masana, ciyawa ita ce duk tsiron da ya fito inda ba a bukatarsa. Kirikiri abin so ne a filin ƙwallo, amma a lambun albasa annoba ce. Tafasa da rukuɓu kuwa, mai noma ya tsane su, uwargida na nemansu.

Ciyayi sun kasu gida biyu. Akwai masu rayuwar shekara guda, irin su ƙarangiya, tsidau da kashin yawo. Ƙarfinsu duk yana cikin iri, kuma irin kan kwanta a ƙasa shekara da shekaru yana jiran ruwa da haske. Maganinsu shi ne a nome su kafin su yi fure. Wanda ya bari suka zubar da 'ya'ya sau ɗaya, ya ɗaukar wa kansa aikin damuna da yawa.

Kashi na biyu su ne masu ajiyar abinci a ƙarƙashin ƙasa, kamar jiji, tofa da kirikiri. Cikin littafin da Holm da abokan aikinsa suka wallafa a 1977 kan ciyayin da suka fi ɓarna a duniya, jiji ne na ɗaya, kirikiri na biyu. Jiji na yin 'yan ƙwayoyi kamar aya, a jere bisa saiwa guda. Idan fartanya ta tsinka saiwar, ƙwayoyin da ke barci sai su farka su toho. Dabara ita ce a kaftu ƙasa da rani domin rana ta busar da su, a tsince abin da ya samu. Jiji kuma ba ya jure inuwa, don haka shuka mai rufe ƙasa, irin su wake da dankali, na rage masa ƙarfi.

Shi ma maganin feshi iri-iri ne. Farakwat ganyen da ya taɓa kawai yake ƙonewa, jiji ya sake tohowa bayan 'yan kwanaki. Ga shi guba ne mai kisa da ba shi da makari, har Tarayyar Turai ta haramta shi a 2007. Shi kuwa 2,4-D masu faɗin ganye yake kashewa, ya bar dangin hatsi. Ya dace da filin ciyawar ado, amma iska kaɗan ta kai shi kan tumatir sai a yi asara. Gilaifoset, wanda ya shigo kasuwa a 1974, yana bin jikin tsiro har saiwa, sai dai yawan dogara gare shi ya sa a 1996 aka gano ciyawar da ta gagare shi a Ostireliya.

Wani zai ce noman hannu ya yi tsada, ƙwadago kuma ya yi wuya. Gaskiya ne, kuma ba cewa nake a jefar da magani ba. Cewa nake ya zamo na ƙarshe. A tsare shuka daga ciyawa a makonni shida na farko, lokacin da gasar ruwa, haske da taki ta fi tsanani. A bar takin dabbobi ya ruɓe sarai kafin a zuba, domin ɗanyensa cike yake da iri. A rufe ƙasa da kara ko busasshen ganye. A filin wasa kuwa, kada a aske ciyawar ado har ƙasa, domin gurbin da ya buɗe shi tsidau ke samu.

Ina kira ga malaman kimiyya da su fita da ɗalibai bayan aji, kowa ya tono ciyawa biyar da saiwarsu, ya faɗi sunansu da yadda suke yaɗuwa. Yaron da ya iya wannan ba zai fesa guba a makance ba.