Kafin Ka Sayar Da Gidan Da Ke Hannun Banki

'Yan'uwanmu mazauna Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal da dama sun mallaki gidaje a Sabon Garin Minna, wasu ta gado, wasu da guminsu. Cikinsu akwai waɗanda suka jinginar da takardun gidan ga banki don ƙara jari. Kasuwa ta juya, ruwa ya hau kan uwar kuɗi, har bashi ya zarce darajar gida. A irin wannan hali ne dillali kan bugo waya ya ce ga mai saye, a sallama a huta. Muna kira ga jama'a da su yi hattara.

A ɗauka ana bin mutum naira miliyan 20, aka taya gidan miliyan 15. Ko da banki ya yarda aka sayar, ya karɓi kuɗin, cikon miliyan 5 yana nan a wuyan mai gida, domin alkawarin biya da ya sa wa hannu daban yake da jinginar. Banki na da ikon kai shi kotu. Saboda haka lalle ne a sami takarda daga hukumar bankin, wadda ta bayyana cewa an karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakken biya, an kuma saki jinginar. Maganar fatar baki da manaja ba ta tsayawa gaban alƙali, shi kuwa manaja gobe ana iya canja masa wurin aiki.

Na biyu shi ne izinin Gwamna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamnanta bisa amana, sashe na 22 kuma ya hana sayarwa ko jinginarwa ba da izninsa ba. Masu tsofaffin gidaje a Sabon Gari kan ce nasu ya girmi dokar. To, a shekarar 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau har kan waɗanda suka mallaki wurarensu kafin 1978. Wanda ya biya kuɗi alhali takardar mallaka na cikin akwatin banki, ba saki, ba izini, ya yi cinikin biri a sama.

Na uku haraji. Mutane na zaton wanda ya sayar bisa tilas ba shi da abin biya. Hukuma kuwa ba ta duban bashi. Abin da take aunawa shi ne bambancin kuɗin da aka kashe wajen mallakar gida da kuɗin da aka sayar da shi. Gidan da aka gina da miliyan 3 aka sayar miliyan 15 ya yi riba a idon doka, ko da mai shi bai ga ko kwabo ba. Tun 1967 ake da wannan haraji, a 2025 kuma aka shigar da shi cikin sabuwar dokar haraji ta ƙasa. Rangwamen da ake yi ya shafi gidan da mutum ke zaune ciki. Wanda ke Ikko ya zuba 'yan haya a Minna kada ya dogara da shi. Ga kuma kuɗin kan sarki da na rajista da bashin kuɗin ƙasa, waɗanda ya wajaba a rubuta wanda zai biya tun kafin a sa hannu.

Ya kamata Gwamnatin Jihar Neja ta ƙayyade wa'adin ba da izini, ta kuma bayyana kuɗaɗen a fili cikin Hausa, don jinkiri shi ke tura talaka hannun 'yan damfara. Shugabannin Hausawa a Kudu su ma su riƙa tunatar da jama'arsu: a je Minna da ƙafa, a ɗauki lauya, a bincika rajista. Kuɗin mota da ladan lauya ba su kai asarar gida da ragowar bashi ba.

Allah Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.