An Yanka Dandali, Ina Za A Kafa Kalangun?



An rufe makarantu, dogon hutu ya kama, ruwa kuma sai zuba yake yi. Duk gidan da ka leƙa a birnin nan za ka tarar uwa ta gaji da tsawa, yara sun gaji da ɗaki, maigida kuwa ya gano yana da wani uzuri a kasuwa wanda ba ya ƙarewa sai bayan isha'i. Tambayar da ake ta yi mini a majalisa guda ɗaya ce: Malam, ina za mu kai yaran nan su sha iska?

Bakano ne fa yake tambayar inda zai je kallo. A Kano! Garin da mutane ke hawo jirgi daga ƙasashen duniya don su ga abin da mu muke gani daga ƙofar gida.

Kalandar Musulunci tana ja da baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, shi ya sa a 'yan shekarun nan ta juye mana manyan bukukuwanmu a tsakanin ƙarshen bazara da tsakiyar damina. Babbar Sallah takan zo da ruwan fari: hawan Idi, hawan Daushe, hawan Nasarawa, a rufe da Fanisau. Wanda bai taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu da yammacin Daushe ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Ƙura ta tashi, ƙarar bindiga ta sa tattabaru sun watse, 'yan lifidi sun wuce kamar an ɗora katifu a kan dawaki, algaita na kuka, sai ka ji kakaki, sai kowa ya miƙe a kan yatsun ƙafa. Ni a wuyan mahaifina na fara ganin tagwayen masu, hannuna ɗaya riƙe da hularsa, ɗayan riƙe da alawar da ta narke ta manne mini a yatsu. Ko sisi bai biya ba. Masana tarihi suna kai asalin wannan hawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Duniya ta yaba. Mu kuma kun san shekara nawa a baya-bayan nan muka ɗinka kaya, aka yi wa dawaki kwalliya, sannan aka soke hawan aka ce a koma gida. Wannan zance ne na wata rana.

Kafin hutun ya ƙare ga Mauludi, bayan mako guda ga Takutaha, yara da manya a hau Dala. Mai hali ya ɗauki iyali ya nufi Daura ko Gumel kallon sallar Gani. Wata na kewayowa ga maukibin Ƙadiriyya ya taso daga Kabara, tutoci da bandiri, gari ya cika ya batse. In kaka ta yi, ƙauyukan da ke kewaye da mu su ɗauka da kalankuwa da kokawa, mai son dambe ya gangara Sabon Gari ya ga Kudu da Arewa da Guramada suna raba raini, sannan ga kasuwar baje koli a titin gidan Zoo wajen ƙarshen shekara. To da wane bakin za a ce babu abin kallo?

Abin kallo na nan, jama'a. Fili ne babu.

Ku lura da kyau. Duk waɗanda na lissafa, manyan ne, kuma sun rayu ne don a kan titi ake yin su, ko a ƙofar fada, ko a kan dutse. Dala ma don Allah Ya yi shi dutse ne. Da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce da tuni an fitar da fuloti a kansa, kuma ko a hakan ku je ku ga yadda gini ya ci gindinsa. Amma hawa sau biyu ne a shekara, Takutaha yini ɗaya ce. Sauran kwanakin fa? Abin da ke riƙe unguwa shi ne ƙananan taruka, waɗanda ba a sanarwa a rediyo ba a buga musu kati: gaɗar 'yan mata da farin wata, langa, carafke, gasar ƙwallon hutu tsakanin layi da layi wadda kofinta gwangwanin madara ne da aka naɗe da takardar sigari, gardi ya zo da kura da biri, mai dabo ya shimfiɗa tabarmarsa, motar majigi ta kafa farin ƙyalle bayan magariba. Waɗannan ba su taɓa neman kasafin kuɗi ba. Fili kawai suke nema. Filin kuma an yanka.

Wa ya yanka? Kun san shi. Kowace unguwa ta san nata. Yakan zo da hantsi da igiyar awo, da yaro mai riƙe masa ɗaya bakin, da wata takarda mai hatimi a aljihun gaba wadda ba ya bari ka karanta. Ba ya faɗa da kowa, gaisuwarsa har ƙasa. In ka tambaya ya ce ai dubawa kawai ake yi. Bayan kwana uku tifa ta juye yashi da tsakar dare. Bayan wata guda ga shaguna goma sha biyu a jere, an shafa musu fenti ruwan ɗorawa. Shi mai yankan nan ba shi kaɗai ba ne: akwai dillalin da ya nuna, akwai wanda ya sa hannu daga cikin ofis mai sanyi, akwai alhajin da ya saya yana sane sarai filin yara ne. Amma sana'arsu ɗaya, don haka sunansu ɗaya a wurina, masu yanka fili. Dandali, sun yanka. Filin ƙwallo, sun yanka. Gefen makarantar firamare, sun yanka. Bakin maƙabarta, inda ko ɓarawo yake jin nauyi, sun yanka. Kududdufin da ke shanye ruwan unguwa tun kaka da kakanni, sun cike shi da shara sun yanka, ga shi yanzu da an yi ruwan awa biyu sai ka ga mata suna kwarfar ruwa daga ɗaka da kwanon sha.

Kwanan baya na ɗauki jikana a babur na ce bari in nuna masa inda kakansa ya yi tashen langa. Muka shiga layin, na wuce wurin sau biyu ban gane shi ba. Da na tambayi wani mai shayi ya nuna mini da ludayi: ga shi nan gabanka, Baba. Bene ne hawa biyu. Ƙasa mai POS, mai cajin waya, mai sayar da gas, sama kuwa duk a garƙame, gizo-gizo ya yi saƙa a jikin kwaɗon, ba a ma samu masu haya ba. Tsamiyar da mai kalangu ke jingina da ita, ko kututturenta babu. Yaron ya dube ni ya ce, "Kaka, a saman benen kuke yin langar?" Na rasa amsar da zan ba shi. Na saya masa gasasshiyar masara muka juyo.

Daga nan fa sai na ce to bari in kai shi irin wuraren wasan zamani, kada a ce tsoho ya cika ƙorafi. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Kuɗin shiga daban, lilo daban, motar da ke zagaye wuri ɗaya daban, ruwan sha ma an hana ka shiga da naka. Yaro ɗaya na kai, na fito ina lissafin abin da ya rage na cefane. Mai 'ya'ya bakwai fa? A bakin ƙofar na ga yara sun fi goma sun manna fuska a jikin waya suna kallon 'yan uwansu suna lilo. Wato an ƙwace musu na kyauta, an dawo ana sayar musu da shi.

Haka biki. Da, in za ka aurar da 'ya ko ɗanka ya sauke Alƙur'ani, dandali za a share a yayyafa ruwa a shimfiɗa tabarmi. Yau ko ka kama zauren biki da kuɗin da ya isa sayen gado da katifa, ko ka kafa rumfa a tsakiyar titi ka tare hanya da benci. Sai mai mota ya zo yana zagi, mai adaidaita sahu ya bi ta lungu ya faɗa kwata, a wayi gari ana sharhi a kan rashin tarbiyyar masu tare hanya. Ni ma na sha zaginsu a raina, ban ɓoye ba. Amma ina kuke so su kafa rumfar? A saman benen?

Af, tun da na ambaci hutu, bari in sauke wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wannan lesin hutu, wa ya ƙirƙiro mana shi? Yaro ya yi wata tara yana ɗaukar jakar da ta fi shi nauyi, ranar da aka ba shi sakamako a ranar ake miƙo wa ubansa wata takardar, wai lesin hutu, mako huɗu, ga kuɗinsa. In ka ce ba za ka biya ba a ce ɗanka zai koma baya. Baya ina? Ɗan aji biyu na firamare, wace jarrabawar shiga jami'a ce ke jiransa? Da safe lesin, da yamma Islamiyya, da dare aikin gida. Yaushe zai je ƙauye wurin kakarsa ya ga yadda gero ke fitar da kai? Akwai yaran da aka haifa a garin nan, sun iya sunayen manyan biranen Turai a jere, amma ba su taɓa hawa Dala ba, ba su san Goron Dutse ba sai a bakin kwandasta. Na san malaman makarantun kuɗi albashinsu ba ya kai su ko'ina, kuma da yawa da kuɗin lesin nan suke cin abinci a watan Agusta. Wannan laifin masu makarantun ne, su biya ma'aikatansu wata goma sha biyu kamar kowa. Iyaye kuma, mu faɗi gaskiya, da yawanmu ba don karatu muke biya ba. Muna biya ne don a riƙe mana yaran zuwa azahar, saboda in sun fita waje babu inda za su tsaya sai bakin titi.

Kun ga mun dawo wurin mai igiyar awo ke nan. Duk inda ka bi, shi za ka tarar a tsaye.

Za a ce mini zamani ne ya canja, yaran yanzu waya suke so. Ku jefa ƙwallo a tsakiyar kowane layi ku ƙirga zuwa goma, ku ga ko waya za ta riƙe su. Za a ce tsaro, taro yana jawo 'yan daba da masu ƙwacen waya. Gaskiya ne, muna gani, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai dandali wuri ne da idon kowa yake kai. Tsohuwa mai ƙosai tana gani, liman in ya fito yana gani, wanda ya ɗaga wa wani hannu kafin ya isa gida labari ya riga shi. Da aka yanka dandali samarin ba su ɓace ba, sun koma kango ne da ƙarƙashin gada, inda babu mai ganin abin da ake miƙa musu. Za a kuma ce gari yana girma, mutane na buƙatar muhalli da wurin sana'a. To a sababbin unguwannin awon igiya da ke bayan gari, inda daji ne jiya-jiya, me ya hana a bar fili ɗaya? Ku je ku gani. Layi ko mota biyu ba sa wucewa, an sayar har da inda kwata za ta bi. Nan ma ƙarancin ƙasa ne?

Roƙona ga dattawan unguwa da ƙungiyoyin samari, ku da kuka iya haɗa kuɗin taransifoma cikin mako guda in wuta ta lalace. In akwai sauran fili a unguwarku, ko na firamare ne, ko bayan masallaci, kada ku bar shi shiru a hutun nan. Ku sa gasar ƙwallo, ku sa langa da tseren buhu, ku yi musabaƙa, ku kira mai kalangu ranar Asabar da la'asar mata su kawo awara da zoɓo su samu na sabulu. Ku dasa darbejiya a kusurwa huɗu tun da ruwa na sauka. Mai yanka fili ba ya son wurin da ƙafa ke takawa kullum. Wanda ciyawa ta rufe yake nema, don ya ce ba shi da mai shi. In kuma kun ga baƙo da igiya, ku fito ku gaishe shi ku da yawa, ku nemi ya karanta muku takardar nan da ƙarfi.

Mu a tamu unguwar saura guda ɗaya, wani ɗan fili a bayan makaranta inda yara suka kafa raga da sandunan dogon yaro. Ranar Alhamis da na fito sallar asuba na tarar an juye yashi tifa biyu a daidai bakin ragar. Na tambayi maƙwabta, kowa ya ce bai ji shigowar mota ba. Yaran dai sun mai da tudun yashin wurin tsalle, suna ta murna.