Sojin Sama a Ƙasar Hausa: Tarihin da Ya Kamata a Rubuta da Harshenmu

An kafa Rundunar Sojin Sama ta Nijeriya da dokar majalisa a watan Afrilu na 1964, bayan an fara tura ɗalibai koyon tuƙi ƙasashen Habasha da Kanada da Indiya. Jamus ta Yamma ce ta aza harsashinta. Shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, kafin Laftanar Kanar George Kurubo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta a 1966. Yaƙin Basasa ne ya mayar da ita rundunar faɗa sosai, lokacin da jiragen MiG-17 suka iso daga Tarayyar Sobiyet a 1967.

Wanda ya dubi tsarinta zai ga yadda ta yi kaka-gida a Arewa. Reshen horon sama yana Kaduna, na ayyuka na musamman yana Bauchi, na kai farmaki yana Makurɗi, akwai kuma makarantar horar da matuƙa a Kano. Duk da haka, galibin abin da ake rubutawa kanta da Ingilishi ne. Manomin Zamfara da jirgi ke shawagi a saman gonarsa ba shi da inda zai karanta wane ne ke ba da umarni, wane ne kuma ke ɗaukar alhaki.

Wannan giɓi yana da illa. A watan Disamba na 2023, da bom ya faɗa kan masu Mauludi a Tudun Biri, jama'a sun fara ɗora laifin kan sojin sama. Rundunar ta musanta, daga baya ta tabbata cewa jirgi marar matuƙi ne na sojin ƙasa. Al'ummar da ba ta san tsarin rundunoninta ba, ba za ta san ƙofar da za ta kai kukanta ba.

A ganina, aikin yana wuyan masana Hausa. Tsofaffin matuƙa da makanikai da suka yi aiki tun zamanin Jamusawa suna ƙarewa. A naɗi bayanansu tun suna raye. A kuma daidaita kalmomin muƙamai da rassa, domin a yau kowace kafar labarai da irin fassararta. Sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suna da ɗaliban da za su iya wannan aiki, in an ba su shi a matsayin batun kundin digiri.